Fangalin da Aka Ce Kada a Ba Ruwa

Tun kafin direba Lawali ya kashe motar, Habsa ta sauka da glasiya, akwatin sanyaya ganye, a hannu, ta bi tsakanin dabinai zuwa garkar Baba Alkasum. Yau kwana goma sha huɗu da ta ce a yanke wa fangalinta ruwa, kuma yau ce ranar yankan ganye.

Shekara uku ke nan tana bin wannan alkama ta Dabaga, gajera mai kaushin ganye. A cikinta akwai wasu ƙwayoyin gado 'yan gida ɗaya. Idan ruwa ya wadata, wasunsu ke tura tsiro ya yi tsawo. Idan ƙishirwa ta daɗe, sai 'yan'uwansu su farka, su tsayar da girma, su sa ganye ya naɗe ya jira. Waɗannan masu farkawa take nema, kuma ba a samun su sai a ganyen da ke cikin wahala. Da tsiro ya sha ruwa suke komawa barci.

Tun da sojoji suka karɓi mulki a Yamai, masu ɗaukar nauyin aikin suka dakatar da komai. Abokan aikinta sun watse. Ita kaɗai ta rage a biro, ofishinsu na Agadas, tana cin abincin rana a kan teburin da dā mutum biyar ke zagayewa. Malaminta ya kira ya ce jibi wani zai tashi da ganyen zuwa labo, ɗakin gwaji a ƙasar waje, kuma daga shi babu wani.

Ta zagaya shingen, ta tsaya. Ƙasar fangalin baƙa ce, jiƙe. Alkamar ta miƙe, ganye a buɗe, kore shar.

Alkasum ya saki igiyar raƙumin da ke ja masa ruwa, ya taho yana goge hannu a riga.

"Malama, kin gani? Sun tashi."

"Baba, wa ya ba su ruwa?"

"Wa kuwa? Tun shekaranjiya nake ba su."

"Ai na ce kada a ba su."

"Kin ce," ya yi dariya. "Na kuma ga yadda kika faɗa, kanki a ƙasa, kina satar kallon rijiya. Na ce wa Kande, ɗiyar nan kunya take ji, ta ga ruwa ya yi ƙasa. Ki taso tun daga Agadas ki ba ni amanar shuka, ta bushe ina kallo? In ce wa mutanen Dabaga me?"

"To ruwan daga ina? Rijiyar nan ba ta cika fangali shida a yini."

Ya nuna da haɓa. Fangali uku na albasarsa sun kwanta, sun yi fari.

"Albasa ce kawai," in ji shi. "Baɗi ma ana shukawa."

Bayanin yana cikin kanta, shafi-shafi, amma da Faransanci. Ta nemi inda za ta kama shi da Hausa, yadda dattijon da ya ƙara wa igiyar rijiyarsa tsawo sau biyu a bana zai yarda cewa ƙishirwar ce ake so. Tana cikin nema matarsa Kande ta iso da ƙwaryar fura.

"Likitar ciyawa! Sha, kada ki ce mini kin ƙoshi. Mun san halinki."

Habsa ta sha. Sannan ta durƙusa ta bi fangalin gefe-gefe, tana tura yatsa a ƙasa, ko akwai kusurwar da ruwa bai kai ba. Tsiro biyar ma sun isa. Amma Alkasum gwani ne, ya daidaita fangalin kamar tabarma. Ko'ina ya sha.

Ta fito da almakashi. Kwalaben suna cikin glasiyar, tun jiya ta rubuta a jikin kowace: kwana goma sha huɗu ba ruwa. Idan ta cika su, ba mai tambayar ta a labo. Ta riƙe wani ganye tsakanin yatsu, mai sanyi, mai laushi. Ta sake shi, ta mayar da almakashin cikin jaka.

"Ba za ki yanka ba?"

"Ba yau ba, Baba. Daga yau ka mayar da ruwan ga abin da ya rage na albasarka. Don Allah."

Ya dubi Kande, yana girgiza kai. "Kin ji ta ko? Ta fara kunyar nan kuma."

A mota Lawali ya ɗaga glasiyar zai aza a baya, ya ji ta ba nauyi.

"Malama, ina ganyen?"

"Sun sha ruwa."

"Alhamdu lillahi," in ji shi, ya tayar da mota. "A wannan shekarar? Kin yi sa'ar mai garka."

Ta ce haka ne, ta juya fuska ga taga har suka shiga Agadas.