Kabarin da ke Tsallaken Hanya

Aikin Khurram a Lahore shi ne juya shafukan intanet. A ba shi shafi da Turanci, ya mayar da shi na Urdu: rubutu ya taso daga dama, kibiyar “gaba” ta kalli hagu, komai ya koma ɗaya gefen. Da aka ba shi shafin wata tsohuwar maƙabarta, wanda mutane ke neman kabarin ɗan'uwa da shi, sai son sauƙi ya kama shi, ya ba kwamfuta umarni guda ta juya komai. Ta kuwa juya komai, har taswirar. Ƙofa a tsakiya take, hanya ta raba wurin biyu, don haka babu wanda ya lura. Kabarin dama ya koma hagu.

Da safiyar wata Alhamis ya gano ɓarnar. A can aka binne mahaifiyarsu, Ammi, watan jiya, ko dutsen suna ba a kafa mata ba. Yayansa Jahanzeb, wanda mutuwar ta same shi yana aiki a Ƙatar, jiya ya tafi ziyara shi kaɗai. Khurram ne ya ce aiki ya yi masa yawa, ya tura masa shafin Urdu a waya.

Ya hau babur ya nufi gida. Ya tarar da Jahanzeb a tsakar gida yana tsoma gurasar roti a shayi, fuskarsa a sake, abin da ba a gani ba tun saukarsa.

“Sarkin aiki, yau korar ka aka yi?” in ji Jahanzeb. “Zauna ka sha faɗa. Haka ake barin uwa? Ciyawa har gwiwa, kabari ya lotsa! Sai da na cire, na zuba ruwa, na watsa furen wardi.”

“Ciyawa, Yaya? A wata guda?”

“Damina ce. Bari ka ji sauran. Da na dawo na kishingiɗa bayan azahar, sai ga ta. Ta ba ni baya, mayafinta duk ƙasa. Ta ce, ‘Ɗana, ka daɗe.’ Muryar dai ta canza, amma ai sai a hankali, wanda ya tafi ya tafi.” Ya kurɓi shayi. “Har saƙo ta ba ni gare ka. Wai kada ka gyara. Me ka ɓata kuma?”

 Ko shugaban Khurram a ofis bai ji maganar taswirar ba tukuna. Tsoro ya ce masa ya yi shiru, ga Yaya ya samu kwanciyar hankali, me zai ja? Amma Ammi ta rasu tana tambayar ko Jahanzeb ya iso, kuma har yau bai iso kabarinta ba. Ya sunkuyar da kai ya faɗi gaskiya. Jahanzeb bai zage shi ba, wannan ya fi ciwo. Takalmi kawai ya saka.

Da la'asar suka shiga maƙabartar. A hagu tsohon ɓangare ne, inda dangin masu kaburburan suka daɗe da ƙarewa. Khurram ya waiga, ya ga jajayen furanni nan da can a kan kaburburan da suka rufta, turaren tsinke yana hayaƙi, ƙasa a jiƙe. Duk baƙin da taswirarsa ta ɓatar ne suka yi wannan hidima. Ba iska, amma ciyawar wurin tana motsi.

Suka bi dama. Ga kabarin Ammi, sabuwar ƙasa, tsaf. Suka ɗaga hannu. Khurram ya yi kuka sosai. Jahanzeb ya karanta Fatiha ya shafa, idonsa a bushe, yana ta leƙen tsallaken hanya.

“Yaya, ga Ammi nan fa,” in ji Khurram. “Nan take.”

“Na ji.”

“To, me kake kallo?”

“Ba ka ji ana kira?”

Khurram ya kasa kunne. Hankaki kawai ya ji.

Jahanzeb ya raba furen da ke hannunsa biyu, ya ajiye rabi, ya ɗauki butar ruwan da suka zo da ita.

“Ammi tana da kai,” ya ce. “Waccan ba ta da kowa, kuma ta ce da ni ɗana.”

Khurram ya riƙo hannun rigarsa. Jahanzeb ya zame a hankali, ya tsallaka hanyar, bai ko duba waya ba.