Tarin Fijon Baba Zacharia

Motar Baba Zacharia tana tari sau biyu duk lokacin da aka kashe ta. A murɗa makulli, injin ya yi kamar ya mutu, sai ya girgiza, ya yi tari, ya sake yi, sannan ya yi tsit. Shekara talatin da wani abu maƙwabta a Mubi sun san wannan tarin. Da tsohon ya rasu, babban ɗansa Vandi ya gaji motar, tsohuwar Fijo ruwan toka, kuma da ita yake dawowa daga ofishin gona kullum ƙarfe biyar.

Ƙanwarsa Selina ce ke jinyar Mama. Tun rasuwar Baba tunanin Mama ya fara zubewa kamar buhun da ɓera ya huda. Ta manta sunan cocinsu. Ta manta an binne mijinta a ƙauyensu na kan dutse, bayan Michika. Abu ɗaya ne bai zube ba: tun tana amarya ba ta taɓa cin tuwo kafin maigida ya shigo ba. Da safe kunu kaɗan take kurɓa, da rana ta ture kwano. Amma idan mota ta shigo ta yi tarinta, sai ta gyara ɗankwali ta ce, "Babanku ya dawo. Kawo abinci." Ta ci har ta suɗe hannu. Ba ta tambayar ina yake, jin dawowarsa ya ishe ta.

Selina ta daɗe da lura da wannan, amma ba ta gaya wa kowa ba. Ba mai yawan magana ba ce, kuma ta ɗauka abin da ke gaban idon kowa ba ya bukatar faɗi.

Shi kuwa Vandi akwai abin da ke cinsa. Ranar jana'izar Baba motar ta kasa hawa tudun ƙauye, sai da masu makoki suka tura ta da kayan cocinsu a jiki. Tun daga ranar ya ƙudura zai sa mata babban inji. Ba bakanike ba ne, sha'awa ce ta ranar Asabar. Ya samo inji mai silinda shida a garin Uba, daga wata mota da ta yi haɗari, ya yi watanni a gindin dogonyaron tsakar gida yana awo, yana yankan ƙarfe, shi da abokinsa Abakar, bakanike ɗan asalin Borno.

"Oga, wannan kamar ka ɗora wa akuya kan bijimi ne," in ji Abakar.

"Kai dai riƙe sarƙa. Akuyar nan za ta wuce ka a hanyar Uba."

"Ta wuce ni zuwa lahira? Birkin kakarka ne fa a jikinta."

Ranar da suka rataya sarƙa a reshe za su ciro tsohon injin, Selina ta kawo musu ruwa. Maganar ta zo mata har baki. Sai ta ga yadda fuskar yayanta ke haske, abin da rabonta da gani tun Baba na da rai, ta ajiye kofunan ta koma ɗaki.

Kwana tara mota na kan duwatsu, baki buɗe. Selina ta ce wa Mama Baba ya je Michika ne, ya bar saƙo a ci abinci kada a jira shi. Mama ta dube ta da mamaki. "Bai taɓa cewa haka ba." Loma biyu take yi, ta rufe kwano. Zoben aurenta ya fara juyawa a yatsa.

A rana ta goma sabon injin ya tashi. Ƙararsa ta cika gida, kaji suka watse, Abakar na buga bayan Vandi yana ihu. Vandi ya zaga unguwa ya dawo ƙarfe biyar daidai, ya murɗa makulli. Injin ya ɗauke ɗif, kamar an hure fitila.

Mama na zaune kan tabarma a bakin ɗaki, ta karkata kunne. "Baƙo muka yi? Ku ba shi ruwa. Maigidan bai dawo ba tukuna."

Sai da aka ƙara kwana uku a haka sannan Selina ta tare shi a bakin mota.

"Broda Vandi, tarin take jira."

"Wane tari kuma?"

Ta gaya masa, idonta a ƙasa. Ya fara dariya, dariyar ta tsaya a hanya. Ya waiga ya dubi mahaifiyarsa da kwanonta a rufe.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun bara."

"Tun bara! Ni ina ta ɗaure noti, ke kina kawo min ruwa?"

Bai jira amsarta ba, ya ɗauko waya ya kira Abakar.

Tsohon injin yana nan da rai. Vandi ya bar wa Abakar shi kyauta, Abakar kuma ya sa shi a akori-kurar wani Malam Rufa'i mai kawo masara da wake daga Digil zuwa kasuwa. Da Malam Rufa'i ya ji labarin, bai yi tambaya biyu ba. "Uwa ai ta kowa ce," ya ce. Washegari ƙarfe biyar ya shigo da motarsa har gindin dogonyaro, Abakar na gefensa.

Selina ta ga Mama ta ɗago kai tun motar na bakin ƙofa. Hannunta ya tashi zuwa ɗankwali, ya tsaya a sama. Malam Rufa'i ya kashe mota.

Babu tari. Hannun Mama ya sauko a hankali.

Abakar ya sosa ƙeya. "Wallahi, Oga, ban sani ba. Na wanke shi ciki da waje, na kankare daskararren hayaƙin nan, na saita wuta. Tarin nan ciwo ne, ni kuma gyara na iya."

"To mayar masa da shi."

"Dattin shekara talatin ne. A ina zan samo?"

Duk da haka ya buɗe gaban motar ya gwada. Ya karkata wannan, ya sassauta wancan. Sau ɗaya injin ya yi wata ƙara kamar bindiga, Mama ta toshe kunne tana kiran sunan Yesu, ta ce a tattaro yara a gudu kan dutse, an kawo hari. Selina ta rungume ta, ta ce wa mazan su bari haka.

Bayan sun tafi, ta kawo tuwon dawa da miyar yakuwa, wadda Mama ta fi so. Mama ta buɗe, ta shinshina, ta mayar da murfi, ta jawo faifai ta ɗora a kai don kada ya huce.

"Yau ma ya yi latti," ta ce. "Ke ci naki. Ni zan jira shi."

Selina ta samu ta ba ta kunu cokali uku. A na huɗu Mama ta kawar da kai.

Vandi yana zaune cikin Fijo, ƙofa buɗe, makulli a hannunsa. Selina ta zo ta zubar da sauran kunun a gindin bishiya. Bai dube ta ba.

"Idan ranar ta zo, motar nan za ta hau tudun ƙauye ba tare da an tura ta ba," ya ce.

Selina ta ɗauraye kofin. Ba ta tambaye shi wace rana yake nufi ba, ta dai waiga ta dubi Mama da kwanonta a rufe.