Naman da Ƙuda Ya Ƙi

Mai gyaran wayar nan da unguwa ke kira Na-Sani bai taɓa cewa "ban sani ba" a rayuwarsa ba, ko da hanyar garin da bai taɓa takawa ba ka tambaye shi. Abu guda ke damunsa a duniya: surukinsa. Dattijon, tsohon shugaban makaranta, tun da ya ba shi 'yarsa yake kallonsa kallon hadarin kaji, sunansa ma ba ya kamawa, sai dai "mijin yarinyar nan". To, yau ga shi zai zo gidansu cin abincin rana karo na farko, Na-Sani kuwa ya rantse sai an san da shi.

"Maigida, ka shiga kantin nan mai firji ka sayo ɗanye, ni na dafa," in ji matarsa.

"Naman firji? Gawa ke nan! Ke dai ki ji da shinkafa, nama aikin masana ne."

Iliminsa a kan nama doka ɗaya ce tak: a duba ƙuda. Ya bi layin masu gashin nama a bakin titi yana yatsina fuska, hayaƙin motoci na sauka a kan tebura bai dame shi ba, kwatar da ke gudana ƙarƙashinsu ma bai gan ta ba. Ƙuda kawai yake nema. Ya wuce wannan, ya yi wa wancan tsaki, har ya kai tebur na ƙarshe. Ikon Allah! Nama jajir, sai sheƙi yake, ko ƙuda ɗaya babu, alhali a teburin maƙwabci ƙudaje kamar an kira su taro.

"Kai ne mai tsabta a layin nan," ya ce wa mai naman.

"Ai sai irinku masu ido ke ganewa, yallaɓai."

Dattijo ya ci nama ba magana. Na-Sani ya yi ta tura masa farantin, shi ko taɓawa bai yi ba, matar kuma tana kicin. Jira yake a ce "wa ya zaɓo wannan?" ya miƙe ya karɓi yabo. Da ya gaji da jira ya gyara murya zai faɗa da kansa, sai ya ga gumi na tsatsafowa a goshin dattijon, yawu na zuba a gefen bakinsa, hannunsa na rawa. Kafin ka ce kwabo, mutumin da ɗalibai ke jin takunsa su shiga taitayinsu ya durƙusa a tsakar gida yana kwara amai.

A asibiti aka ɗaura masa ƙarin ruwa. Likita ta tambaya ko an yi feshin maganin ƙwari kusa da abincin. Na-Sani ya ce a gidansa? Haba! Amma sai ya tuna teburin nan da ba ƙuda. Ya sulale ya koma bakin titi.

Bai ma buƙaci tambaya ba. Ya tarar da mutumin nasa riƙe da gwangwanin maganin sauro, yana bi tsoka tsoka yana fesawa, har da waƙarsa.

"Kai! Kashe mutane kake yi?"

"Wane irin kisa, yallaɓai? Ɗan kaɗan ne, wuta na cinye shi. Da ina barin ƙuda, wuce ni kuke yi kuna tsaki. Yanzu na kore su, kun ce ni ne mai tsabta. To, me kuke so na yi?"

Na-Sani ya juya. Ya koma asibiti, tsoro da kunya sun cika shi, ya gaya wa likita a ɓoye, ya raɗa wa matarsa. Ita ko kallon da ta yi masa ya fi zagi.

Can da la'asar dattijo ya buɗe ido. Muryarsa ta dushe, amma shugabancin na nan daram.

"Wa ya sayo naman nan?"

Na-Sani ya saci kallon ƙofa. Shi ke nan, an gama da shi.

"Ni ce, Baba," in ji matar, kanta a ƙasa.

"Na san za a rina! Tun kina ƙarama ba ki da lura." Ya juyo da ƙyar, ya kamo hannun Na-Sani ya riƙe. "Ɗana, ka yi haƙuri da ita. Na ga yadda ka ƙi cin ko tsoka ɗaya, kai ka gane, kunyata ce ta hana ka magana. Ashe mutane gaskiya suke faɗa a kanka. Daga yau naman gidana ma kai za ka riƙa zaɓo min."

Matar ta ɗago ta zuba masa ido, tana jira. Na-Sani ya kau da kai.

"To, Baba," ya ce.