Ɗaurin Toktar

Ke Kulash, ajiye kofin shayin nan ki saurara, tunda bakinki ya ƙi mutuwa. Wai Beysen ne ya ɗaure ƙafar ubansa Toktar a katakon sulu kan dusar ƙanƙara don ya rama haƙorinsa? Maganar da kike so ta kai kunnen hukuma ke nan? Kina ina ranar? Kina gindin murhu kina gasa ƙafa. Ni shinge ɗaya ya raba ni da Toktar, tarinsa ma ina ji.

Toktar tun yana da baƙin gashi shi ke sassaƙa nasa. Faffaɗa, ya lanƙwasa bakin a wuta, ya lulluɓe ƙasan da fatar ƙafar doki, gashin na kwance ta baya. A gangara ya zame, a hawa ya kama. Ƙafa kuma ya zarga mata igiyar fata sako-sako, shuri ɗaya ta fita.

Da baƙi suka fara zuwa da nasu sirara kamar muciya, sai su nitse har ƙirji, don dusar ƙanƙararmu gari ce, ba ta ɗaukar raini. Toktar ya jingina da sandarsa yana kallo. Shekara bi shekara na baƙin na ƙara faɗi, baki na ɗagawa sama, har suka kamo nasa.

"Sun gama yawon duniya," in ji shi, "sun dawo ƙofar gidana."

Beysen, da yake shi ke raka baƙi kan dutse, sai ya kawo wa tsohon irin na yanzu. Ja, ba nauyi, da ƙarfe mai cafke takalmi. Toktar ya hau gangaren bayan gari, kowa ya fito kallo. Ya taho kamar shaho. Yana karya kwana ƙarfen ya ce ƙwas, ya sake shi. Kai ya fara shiga, ƙafafu kaɗai ake gani suna harbin iska. Gari ya ɗauki dariya. Har da ke, na ji muryarki.

Ya fito gemu fari fat.

"Ɗan banza! Abin da ke jefar da mai shi ka kawo min?"

"Baba, haka aka yi shi. In abu ya yi tsanani sai ya saki, don kar ƙafa ta karye."

"Dokin da ke kayar da mai shi ranar tsanani, yanka shi ake yi."

"Ai doki ya san tsohon da ya hau shi."

Sandar ta sauka a bakin Beysen. Ta hagu ta zo, kin san Toktar bahago ne, yaron bai ma ga tahowarta ba. Ya durƙusa yana tofar da jini, haƙori a dusar ƙanƙara kamar ƙwayar masara.

Amma fa abin ya shiga ran tsohon, don ya ji daɗin gudun. Washegari na leƙa shinge, na gan shi yana buga wa jan katakon fatar doki da ƙusa, ya huda shi da ƙarfe mai zafi, yana zura igiya.

"Toktar, me kake wa kayan mutane?"

"Tarbiyya nake ba shi."

"Irin wadda ka ba ɗanka jiya?"

"Tsohuwa, madararki na ƙonewa."

Ya naɗe takalmin da ƙarfen gaba ɗaya, ya ja da haƙori. Ba sako-sako irin na da ba. Ɗaurin fushi.

To, akwai namijin maral, ƙatuwar barewar dutsen nan, da ya addabi ciyawar dawakinsa. Da hantsi ya sake zuwa. Toktar ya sunkuci zarge, ya ɗaura bakin igiyar a ƙugu yadda kakanninsa ke yi, ya bi shi a kan jan katakon. Maral na nitso har wuya, shi yana bisa kamar kumfa. Jifa ɗaya ya kama ƙahon. Ya zauna kan sandarsa, yana jiran dabbar ta ja shi har ta gaji.

Ba ta gaji ba. Ta faɗa cikin itatuwa. Bakin katakon ya shige ƙarƙashin wani kututture ya maƙale. Maral na jan ƙugu, kututture na riƙe da ƙafa, ba mai niyyar saki. Daga tsakar gidana na ji ƙarar, kamar an karya busasshen reshe, sai kuma wata.

Beysen ne ya yanke igiyar, ya kwaso tsohon a keken da ake ja kan dusar ƙanƙara, leɓe a kumbure, yana kuka kamar jariri. Ƙafar ta juya tana kallon baya. Jini na bin gemun tsohon. Na tallafi kansa, ya buɗe ido ya nemi ɗansa.

"Ka gani?" ya ce. "Bai jefar da ni ba."

Ruwan da na ɗora bai tafasa ba Toktar ya cika.

Ɗaurin kuwa, maza sun yi sun yi ya ƙi kwantuwa, sai zare ƙafar aka yi aka bar takalmin. Ta hagu aka murɗa shi, Kulash. Bahago nawa kika sani a garin nan? Ga katakon can jingine da shingena, takalmin na ciki, dusa ta fara cika shi. Je ki kwance. In kin iya, dawo mu ci gaba.