Giyar Arba'in ta Mitri

Ranar Laraba likita a garin Batrun ya gaya wa maƙwabcina Mitri cewa zuciyarsa ba za ta kai shi girbin zaitun ba. Ranar Alhamis da hantsi ya leƙo ta kan katangar da ke tsakaninmu.

"Istaz Nasif, ajiye matattun nan naka ka zo ka ɗanɗana min wani abu."

Littattafaina yake kira matattu. Shekara talatin da takwas na yi ina koyar da Larabci, ban taɓa ba ɗalibi ashirin bisa ashirin ba. Tun da matata Nuhad ta rasu, shekara shida ke nan, ban taka gidan kowa ba. Mutanen ƙauye sun gaji sun daina gayyata, ni kuma na gode musu a raina. Mitri ne kaɗai labarin bai isa wurinsa ba.

"Me likitan ya ce?" na tambaye shi, ko da yake har akuyoyin ƙauyen sun sani.

"Ya ce in daina ɗaukar abu mai nauyi. Shi ya sa ba zan ɗauko ka ba, da ƙafarka za ka zo."

Mitri makaniken injin matsar zaitun ne. Da ya ajiye aiki sai ya jawo ƙatuwar tukunyar tagulla da mahaifiyarsa ke dafa alkama a ciki, ya mai da garejinsa wurin dafa giya. Giyar alkama yake yi, mai tsami. Tsamin daga kindirmon matarsa Wadad yake sato shi, cokali biyu, ya zuba a ruwan alkamar, ya lulluɓe tukunyar da bargo kwana biyu kamar mai jego. Bayan nan ya watsa mata furen hof, wani koren abu mai ɗaci da ya shuka a gindin katangarmu, wanda ya haye ya toshe min rabin tagar ɗakin karatu. Takardar ƙorafi uku na rubuta masa a kan wannan. Duk ya mayar min da su da ƙwai naɗe a ciki.

Sau goma sha ɗaya ya dafa, kowa a ƙauyen ya yaba. Shi kuwa cewa yake yi yabon mutanen da ke yaba wa'azin limamin cocinmu Abuna Gattas ba yabo ba ne. Nawa yake so. Wannan karon ne na ƙarshe, mu biyun mun san haka, don haka na sa takalmi na tafi.

Ya tsiyayo min daga ganga a tambulan. Ruwan gwal ne mai duhu-duhu, ba a ganin yatsa ta cikinsa. Na ce Wadad ta kawo min lemun tsami da gishiri, kamar yadda kowane ɗan ƙasar nan yake shan giya. Na shafe bakin tambulan da gishiri, na matsa rabin lemo.

Mitri ya dafe ƙirji. Na ɗauka lokacinsa ne ya yi.

"Wadad! Zo ki ga ikon Allah! Mutumin da ya karance littafi dubu yana matsa wa giyata lemo!"

"Haka ake shanta tun kafin ka san hannunka na dama," na ce.

"Ta kanti ake sha haka, don a rufa mata asiri. Wannan da tsaminta aka haife ta, tsohon banza."

Ya fizge tambulan ɗin ya juye a tukunyar furen Wadad, ta bi shi da zagi, ya ɗauraye ya sake cikawa. "Shaƙa tukuna. Kar ka kwankwaɗa kamar jakin kasuwa."

Na shaƙa. Ƙamshin ɓawon lemo ne da na ciyawar da aka yanka bayan ruwan sama. Na kurɓa. Tsamin ya fara isowa, irin na ɗanyen inabin da Nuhad ke tsinka a watan Yuli tana yatsine fuska tana ƙarawa. A bayansa akwai wani laushi, kamar cikin burodi mai zafi. Sai can ƙarshe ɗacin furen ya zauna a gindin harshe, bai yi gaggawar tashi ba, ni ma ban so ya tashi ba.

Mitri na tsaye ya harɗe hannu a baya, kamar yaro a gaban allo.

"To?"

"Ba ta da kumfa."

"Daga ganga take, jahili! Gobe zan ɗura a kwalba, ta kwana arba'in, ka ga kumfa. Maki nawa?"

"Ba na ba da maki kafin a gama jarrabawa."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Shi ke nan, sai arba'in. In ban kai ba, ka ba Abuna saƙon, yana da hanyar aiko min can."

Ranar Juma'a ni na riƙe masa mazurari yana ɗurawa. Kwalba sittin da huɗu, kowace sai ya shafa mata kai. Ranar Asabar da safe ya cika a kan kujerarsa ƙarƙashin rumfar inabi, kofin gahawa a gefe bai ma huce ba. Wadad ta ce ta daɗe tana masa faɗa, a zatonta barcin ƙarya yake yi don kar ya share tsakar gida.

Ranar addu'ar arba'in, bayan an fito daga coci, aka raba dafaffiyar alkama da sukari da 'ya'yan rumman, kamar yadda ake yi wa kowane mamaci. Muna zaune a tsakar gidan kowa ya sunkuyar da kai, sai Wadad ta fito cikin baƙaƙen kayanta tana jan akwatin kwalaben a ƙasa.

"Ya bar wasiyya," ta ce. "Yau giyar ta nuna."

Kowa ya juya ya kalli Abuna Gattas. Ya ɗaga kwalba ɗaya ya duba ta a hasken rana, ya shafa gemu.

"'Yata, da me aka yi ta?"

"Da alkama, Abuna."

"To ai alkama ake raba wa mutane ranar arba'in. Ban ga inda aka ce lallai sai da cokali ba."

Ya buɗe. Kumfa ta yi tsalle ta wanke masa gemu da gaban riga. Ban taɓa jin an yi dariya irin wannan a gidan makoki ba. Aka shiga buɗewa, ana tuno injinan da Mitri ya gyara da waɗanda ya ƙarasa kashewa. Wata tsohuwa ta nemi lemo, Wadad ta ce tun jiya ta kai wa maƙwabta duk na gidan. Ni kaina an ji muryata, har wani tsohon ɗalibina ya ce bai san ina da haƙoran sama ba.

Wadad ta miƙo min tawa daban. Mitri ya manna mata takarda da rubutunsa na makanike: "Ta Istaz. A ɓoye lemo." A ƙasa ya ja layi, ya bar samansa fili, ya rubuta ashirin a ƙarƙashi.

Na tsiyaya a hankali. Kumfar ta tashi fara tas, yatsa biyu, ta tsaya. Tsamin ya kwantar da kai, ƙamshin furen ya ƙara fitowa. Na sha har ƙasa.

Kwalbar tana kan tagar ɗakin karatuna, inda ganyen hof ɗinsa ke leƙowa. Ban datse shi ba. Ban kuma cike gurbin da ya bari ba, don jan birona ya daɗe da bushewa.

Tun ranar Alhamis ɗin nan, Mitri, tun ba kumfa, ashirin ce.