Yahuza Ya Koma Ɗaya Gefen Teburi

Ranar Laraba Mista Chong, shugaban ma'aikata, ya gaya wa Yahuza ba kwana-kwana: in Juma'a ta yi saurinsa bai kamo na sauran ba, sai dai ya tattara. Kwaleji ce ta turo shi wannan ƙaramar masana'anta ta unguwar Cheras, a ƙasar wajen da yake karatu, koyon aiki, kuma wanda aka sallama sai ya maimaita shekara. Da wane baki zai faɗa wa Baba a Kano?

Aikin kuwa ba wani abu ba ne. Soket ɗin lantarki suke haɗawa a kan dogon teburi. Shi ya ɗaure noti, ya miƙa wa Makcik Rohana, wata dattijuwa 'yar ƙasar da ke zaune a hagunsa (Makcik ɗin kamar Inna ne a yarensu), ita ta rufe. Amma kullum a gabansa kaya ke taruwa.

Da safiyar Alhamis Chong ya zo ya tsaya a bayansa, hannu a goye. Bai yi faɗa ba. Kallo kawai.

"Tsaya," in ji Chong. "Sake yi, a hankali."

Ya sake. Ya ɗaure, ya ajiye sukundireba, ya ɗauki soket da dama, ya karkato da jiki duka ya miƙa.

"Me ya sami hagunka? Ciwo?"

"Lafiyarsa lau."

"To me ya sa kake zagaye haka? Ga ta nan kusa da shi."

Yahuza ya sunkuyar da kai. Makcik Rohana ce ta fara dariya, har tana riƙe gilashinta.

"Kai ma dai, Chong. Yaron nan ba zai miƙa min abu da hagu ba. Na haife shi. Jikokina ma in sun yi min haka sai na make hannun."

"Haka ne?" Chong ya tambayi Yahuza.

"Haka ne," in ji Yahuza. "Na gwada. Hannun ne ke ƙi."

Ya jira a yi masa dariyar ƙauyanci. Chong ya jawo kujera ya zauna.

"Laifina ne, na nuna maka aiki ban kalli yadda kake yi ba. Lokacin yaƙin duniya na biyu, da maza suka tafi fagen daga a Amurka, sai aka cika masana'antu da mutanen da ba su taɓa riƙe kayan aiki ba. Dole aka tsara yadda za a koya musu: ka nuna, ka faɗi dalili, ka bar mutum ya yi, ka tsaya ka duba. In bai iya ba, mai koyarwa za a tuhuma. Bayan yaƙi abin ya je Japan, suka riƙe shi, suka ɗora masa gyara kaɗan-kaɗan kullum. Ni a masana'antarsu na koya, ina da gashi a kaina lokacin."

"Ba ka taɓa yin gashi ba," in ji Makcik Rohana.

Chong bai kula ta ba. "Hannunka ba zan iya canza shi ba. Teburi kuwa katako ne. Kai ke zaune a nan, me za a gyara?"

Yahuza ya dubi teburin kamar yau ya fara ganinsa.

"In na koma ɗaya gefen, Makcik za ta zama a damana." Ya ɗaga kai sama. "Sukundireban kuma a rataye shi a sama da roba. In na saki ba sai na neme shi ba."

"Boleh," in ji Chong, wato zai yiwu. "Ɗauko kujerarka."

Kafin azahar an gama. Ya ɗaure, ya saki, ya ɗauka, ya miƙa. Jikinsa bai ƙara karkata ba. Da la'asar gabansa fayau, Makcik Rohana ce ke ƙorafin a tausaya wa tsohuwa. Wasu samari biyu daga can ƙarshen teburi suka leƙo, suna tambayar inda aka samo robar.

Ranar Juma'a, yana shirin fita masallaci, Chong ya tare shi a bakin ƙofa.

"Litinin akwai sabbin ɗalibai. Kai za ka koya musu noti."

"Ni?"

"Kai. Ka zo da wuri."

Yahuza ya fito titi. Rana na dukansa a ka, motar bas ma ta wuce shi. Bai damu ba. Ya ciro waya ya kira Baba, a kan a gaisa kawai.