Burodin da Ya Wuni a Rami

"Ɗauke min wannan, Orfelina. Burodin waɗanda ba sa shiga rami ne."

Don Eleuterio ya ture farantin da bayan hannu har romon ya fantsamo min a riga. Na tsaya ina kallonsa, raina a ɓace. Maƙwabcina ne, bangon katako ɗaya ya raba mu a dogon gidan ma'aikatan kwal na garin Lota. Matarsa ta rasu, ɗansa yana can arewa wajen haƙar tagulla, ƙurar kwal kuma ta gama cinye masa huhu. Likita ta ce in bai fara cin abinci ba, to mu fara shiri. Shi kuwa ya kafe, wai manche yake so.

Manche shi ne ragowar burodin da mahaƙi yake dawowa da shi daga rami ya ba 'ya'yansa, ya sha zafi da gumi da warin kwal. Duk wanda ya tashi a layinmu ya taɓa jiransa a bakin ƙofa, har da ni.

"Don Eleuterio, tun ina da baƙin gashi aka rufe ramin nan. Ina zan samo maka manche?"

"An rufe? To 'yan birnin Santiago da nake gani da hular kwano suna ɗaukar hoto, cikin tukunyarki suke shiga?"

Gaskiyarsa ce, shi ya fi ba ni haushi. An mai da ramin wurin tarihi, ana yankar tikiti, tsofaffin mahaƙa suna zagayawa da baƙi. A ɗakin nuni har wani burodin roba aka sa cikin gilashi, wai manche. Shi Don Eleuterio an roƙe shi ya zama ɗan jagora, ya ce ba zai yi wasan biri a inda ubansa ya mutu ba.

Ni dai ban taɓa sauka ba. Babana yakan ce ƙafar mace a rami masifa ce. Amma washegari na gasa burodi a tanderun unguwa, na yanki tikiti kamar baƙuwa, na shiga kejin ƙarfen da ke sauka da mutane rami tare da wasu 'yan mata masu ƙyalƙyala dariya. Nibaldo, tsohon abokin aikin Don Eleuterio, shi ne jagoranmu. Ramin ya miƙe har ƙarƙashin teku, da muka kai can ya ce kowa ya kashe fitilarsa mu ga duhun da suka yi aiki a ciki. Wallahi tsoro na ji, na ƙanƙame burodin ina tsine wa Don Eleuterio a zuciya.

Na dawo na miƙa masa. Ya shinshina, ya juya shi, ya ajiye.

"Wannan yawon buɗe ido ya je. Manche sai ya yi wunin aiki."

"Ka ci ko ka bari, matsalarka ce. Da furfurata na shiga ƙarƙashin teku saboda kai, ko sannu babu."

Na ja masa ƙofa da ƙarfi na koma ɗakina. Sai dai katako ba ya rufa asiri. Ina jin tarinsa, in ya tsaya sai ni ma numfashina ya tsaya har ya sake farawa.

Da safe na shiga ɗakinsa na ciro tsohuwar jakar guzurinsa daga jikin ƙusa, na sa sabon burodi, na tare Nibaldo a hanya.

"Ka sa shi cikin rigarka, kada ka cire sai ka tashi aiki."

"Wannan tsohon bai mutu ba har yanzu?" in ji Nibaldo, yana tura jakar cikin ƙirjinsa. Idonsa ya cika da ruwa, na yi kamar ban gani ba.

Da yamma ya kawo shi da kansa. Burodin ya lotse, ya yi danshi, gefensa ya yi baƙi. Don Eleuterio ko zama ba ya iyawa, sai da muka tallafe shi. Ya daɗe yana shinshinawa, sannan ya gutsura.

"Nibaldo, guminka ba gishiri. Hira kawai kake yi a ƙasa."

"Ci dai, sarkin ƙorafi."

Ya ci, a hankali, ina jiƙa masa leɓe da shayi. Da ya kai rabi sai ya mayar da sauran cikin jaka ya ɗaure bakin.

"Haba, cinye mana," na ce. "Wahalar mutum biyu ce a kansa."

"Ke dai ba ki da kai. Wane mahaƙi ne yake cinyewa? Na mai jira a bakin ƙofa ne." Ya turo min jakar.

Washegari kafin rana ta take ya cika, ina riƙe da hannunsa, ina masa faɗan ya ƙi shan magani.

Bayan mun dawo daga maƙabarta Nibaldo ya biyo ni yana sosa ƙeya. Wai masu ɗakin nuni sun ji labari, suna son jakar da manche na gaske su maye gurbin na roba.

Na kwance jakar na miƙa masa ita wayam. Na tsaya a bakin ƙofa da rabin burodin, ya bushe, shaidar haƙoransa tana jiki. Ina tauna, ƙurar kwal tana min ƙaras-ƙaras a baki.